Masallatan Kan Burtali

Da can, in ka bar Daura ka ɗauki hanyar Zango, kana wuce gidajen ƙarshe sai gonaki. Tsakanin gonakin nan akwai wani burtali mai faɗi da ya yi kudu, shanun Fulani ke bi, kuma amalanke biyu kan gifta juna a cikinsa ba tare da masu su sun zagi juna ba. A ƙarshen burtalin gonar Malam Kalilu take, gadon ubansa, jigawa mai kyau wadda gero ke so. Da ita yake ci da gidansa. Ba shi da wata sana'a, bai kuma taɓa jin yana bukatar wata ba.

Sai gari ya kumbura ya taso. Maƙwabtan gonarsa suka yi ta yanka nasu fegi-fegi suna sayarwa, ma'aikata da 'yan kasuwar Kongolam suna saye suna ɗora bulo. Kafin a farga gonar Kalilu ta koma kamar tsakar gida, katanga gabas, katanga yamma, magudanar bayan gidan wani tana tsiyaya cikin wakensa. Dillalan fili sun yi sintiri a ƙofar gidansa da ke cikin gari har sun gaji. Amsa ɗaya yake ba su, cewa shi bai iya cin bulo ba, in sun sami wanda ya iya su kai masa.

Gidajen ma ba su dame shi kamar burtalin ba. Mutumin nan namu in zai yi gini, ba ya tsayawa inda fegi ya tsaya. Sai ya ɗan turo katanga cikin hanya, wai ai ba ta kowa ba ce. Shekara ta zagayo ya yi dakali. Dakali ya sami rumfa, rumfa ta sami ƙofa, ka wayi gari shago ne ana sayar da sabulu da taliya. Na kusa da shi ya gani, ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba, ya turo nasa har ya ɗara. A haka aka cinye burtalin nan da rana tsaka kowa na kallo, har ya zama in Kalilu ya ɗauko taki sai ya sauka ya riƙe bijimansa da hannu, ƙafar amalanke na gogar bango, masu shago na yi masa tsawa wai zai ɓare musu siminti.

Lokacin kuwa ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ana ta wa'azi mata su daina hawa bayan 'yan acaɓa. Magana ce mai kyau, Kalilu ma ya yarda da ita. To amma sabuwar unguwar nan ba abin hawan da ke iya shiga cikinta sai acaɓa. Mai ciki da mai goyo da tsohuwa mai ciwon gwiwa, duk sai su tako da ƙafa har bakin titi cikin rana, su tsaya jiran motar Zango wadda ta riga ta cika tun daga tasha. Da koke ya yi yawa aka kafa kwamiti, kwamiti ya yi zama, ya yanke cewa za a mayar da burtalin faɗinsa na da, a zuba masa jar ƙasa, a sa ƙananan bas su riƙa shiga, maza gaba mata baya. Duk abin da ya shigo hanya za a rushe.

Ranar da injiniyan kwamitin, wani matashi mai sanyin magana da ake kira Yazid, ya zo da jan fenti yana yi wa bangaye alama, ba wanda ya kai Kalilu murna. Ba wanda ya aike shi, shi ya karɓi gwangwanin fentin ya riƙe, yana bin injiniya a baya baki har kunne. Masu shaguna na tsaye suna kallonsa, ya san kuma suna kallonsa, bai damu ba. Da suka zo shagon Alhaji Sada, wanda ya fi kowa cin hanya, har cewa ya yi a ƙara girman alamar don kada mai rusau ya kasa gani.

Da ya koma gida ya ba matarsa Kande labari, ita ba ta yi murna ba. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, kai da riƙe musu fenti? Ka bar hukuma ta yi aikinta mana. Mutanen nan sun fi ka wayo, kuma sun fi ka yawa."

"Wayon me ya rage musu? An shafa an gama."

Bai san mutanensa ba. Bayan 'yan kwanaki ya koro amalanke da taki, yana shiga burtalin ya ja birki da ƙafafunsa. Shagon Alhaji Sada ya sake kama. An raba shi biyu, an kwashe kaya daga rabin da ke cikin hanya, an ɗan turo bangon gabas ya yi ƙusumbi irin na wurin tsayuwar liman, an shimfiɗa tabarmi, an jera butoci a bakin ƙofa. Jan fentin injiniya na nan daram, sai dai yanzu a jikin masallaci yake. Alhaji Sada na zaune a dakali da carbi, fuskar nan tasa a sake.

Kalilu ya yi sallama a gajarce ya ce, "Alhaji, shekaranjiya a nan na sayi ashana."

"Ai shekaranjiya ka ce, Malam Kalilu. Allah ya nufe ni da alheri, na ba shi wurin. Ko kana da ja?"

"Rabi ka ba shi. Ɗaya rabin ga taliya can ina hange."

"To ka shigo mu yi walaha mana, ka ga an buɗe da kai."

Haushi ya kama Kalilu. Me zai ce? Ya ce a rushe masallaci, a ji shi a gari? Ya ja bijimansa ya wuce yana huci.

Abu in ya yi daɗi a unguwarmu ba ya tsayawa gida ɗaya. Mai kuɗi ya kira magini, marar kuɗi ya je ya kwaso duwatsu ya jera su a ƙofar gidansa, ya ɗan lanƙwasa layin wajen gabas, ya rataye buta ɗaya a ƙusa. Mai wanki da guga ya yi nasa, mai cajin batir ya yi nasa, har wani da ba a taɓa gani a sahun asuba ba ya yi nasa, ya ma fi na kowa tsafta. Kafin mako ya zagayo masallatan kan burtalin sun fi masallata yawa. In azahar ta yi sai ka ji kiran salla na tashi nan da can, kowa ya tsaya a nasa shi ne liman, mamunsa 'ya'yansa ne da wanda tsautsayi ya biyo da shi. Ɗan filin da ƙafar amalanke ke bi a da, duwatsu suka cinye shi. Takin shekarar a jaki Kalilu ya ƙarasa kai shi, mangala-mangala, yana tafe yana tsallake wurin sallar mutane yana neman gafara.

Ya tafi wurin Malam Sharfaddeen, limamin asalin masallacin unguwar, wanda shi ma sahunsa ya rame tun da aka fara wannan abu. Malam bai yi wata kwana-kwana ba. Bayan la'asar ya tara mutane ya gaya musu ƙarara cewa hanyar jama'a haƙƙin jama'a ce, ba ya halatta a gina komai a kanta ko da masallaci ne, wanda kuma ya yi don kare shagonsa ya san abin da ya yi niyya, Allah ma ya sani. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. "Haka ne, Allah gafarta Malam. Wallahi gaskiya ne." Kalilu ya duba fuskokinsu ya ga kowa na satar kallon maƙwabcinsa. Masu gini suka tashi da cewa da masu duwatsu ake, masu duwatsu suka ce ai su ba su gina komai ba, da masu gini ake. Ba wanda ya ɗaga ko tsakuwa.

Ranar rusau unguwa ta fito kaf. Aka kawo gireda, direbanta wani ƙaton mutum mai suna Ɗantsoho, carbi rataye a jikin sitiyari. Ya fara da dakalin wasu bayin Allah biyu da ba su yi dabarar jera duwatsu ba, ya share su kamar ba a taɓa yi ba. Kalilu na gefe zuciyarsa fari ƙal. Gireda ta matso gaban na Alhaji Sada, ta tsaya, sai aka ji injin ya mutu. Ɗantsoho ya diro yana goge hannu a riga.

"Injiniya, ni fa 'ya'ya gare ni. Ba da hannuna za a rushe ɗakin Allah ba."

Kalilu bai san lokacin da ya kutsa gaba ba. "Wane ɗakin Allah? Shago ne! Liman da bakinsa ya ce bai halatta ba, kowa nan ya ji!"

"To Baba, ga makulli. Liman ya zo ya hau."

Aka aika aka kira Malam Sharfaddeen. Ya zo ya maimaita abin da ya faɗa, bai rage ko kalma ba, sannan ya ce shi hukunci ya sani, zartarwa kuwa ta hukuma ce. Ido ya koma kan Yazid. Yazid ya cire hula ya share gumi, ya ja Kalilu gefe ya ce a hankali, "Baba, ka tausaya mini. A wannan zamanin a ce Yazid ya rushe masallatai a rana ɗaya? Gobe da sunana za a yi huɗuba daga nan har Baure. Shugaban kwamiti ma ya ce in ta kai ga haka in dakata." Gireda ta juya ta fita da baya, yara na binta da ihu, mutum biyun da aka share wa dakali suna tsaye suna tambayar laifin da suka yi wa duniya. Kafin magariba su ma sun jera duwatsu a inda dakalin yake.

Ruwa ya sauka, Kalilu ya yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, duk a ƙafa da jaki. Ya haƙura da maganar bas, abin da ke ransa kawai yadda zai fitar da damma in kaka ta yi. Geron kuwa ya yi kyau a shekarar, har ya fi tsayin mutum. Yana cikin kewaya shi wata safiya ya yi tuntuɓe da wani abu, ya duba ya ga fegin ƙarfe ne da jan ƙyalle. Ya ɗaga kai ya ga wani a gaba, da wani, sun yi layi sun ratsa tsakiyar gonar. Can ƙarshen layin ga Yazid da mutanensa suna jan igiyar awo.

Yazid ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, abin da ya ƙara wa Kalilu faɗuwar gaba. Ya ce kwamiti ya sake zama. Mata na shan wahala, bas ɗin an riga an sayo suna ajiye rana na dukansu, dole a sami hanya. An ga wani lungu da ya taso daga titi ta gabas, in aka bi shi aka ratsa gonar nan an shiga unguwa, a wuce har ƙauyukan kudu. Abin da ya rage na gonar kuma nan motoci za su riƙa tsayawa suna juyawa. Za a ba shi diyya.

"Gonata? Ga burtali can da aka yanke za a buɗe, ni na riƙe muku fenti!"

"Na sani, Baba, wallahi na sani. Mun zagaye unguwar nan kaf. Gonarka kaɗai ce wurin da babu masallaci."

 Takaici ya hana Kalilu ko zagi, shi da zagi bai taɓa yi masa wuya ba. Ya je gun mai unguwa, mai unguwa ya ce abin daga sama yake. Ya je ofishin kwamiti, aka ce shugaba ya tafi Katsina, ya koma aka ce ya tafi ta'aziyya. Ya dawo gida ya zauna a zaure ya kasa cin tuwo.

Kande ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu. "Malam, wai duwatsu sun ƙare ne a duniya? Ga su can bayan gida tuli. Ka kwasa ka jera a kan fegin nan, ka rataye buta. Wa ya isa ya taɓa? Kowa ya yi ya tsira, sai kai?"

Maganar ta shige shi. Washegari da hantsi ya ɗora duwatsu a jaki ya tafi. Ya zaɓi daidai tsakiyar layin fegin, ya tuge geron wurin da hannunsa yana jin kamar haƙoransa yake cirewa, ya share ƙasa, ya jera duwatsun, ya lanƙwasa wajen gabas yadda ya ga suna yi. Ya ja baya ya duba. Ya yi kyau, ya ma fi na mai cajin batir. Rana ta take, azahar ta yi, ya ce bari ya buɗe shi da salla don in an tambaya ya rantse an yi salla a ciki. Ya yi alwala, ya tuɓe takalmi ya shiga, ya fuskanci alƙibla, ya ɗaga hannu.

Kabbara ta ƙi fita. Ya sauke hannu ya sake ɗagawa, ta ƙi. Ba abin da ke zuciyarsa sai gireda da fuskar Ɗantsoho, da yadda zai tsaya yana murmushi in injin ya mutu. Ya ga a fili cewa ya zo ne ya tsayar da Ubangijinsa gadin gero, kuma wanda zai yi wa kabbarar ya san haka tun kafin a ɗora wa jaki kaya. Kunya ta rufe shi. Ya fito daga cikin duwatsun, ya matsa can tsakanin kunyoyin gero ya yi sallarsa a kan ƙasa. Da ya sallame ya kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya mayar kan jaki, yana yi yana tsaki, shi kansa bai san wa yake yi wa ba.

Da Kande ta ga jaki ya dawo da kayansa sai ta saki muciya. "Kai kaɗai ne mai tsoron Allah a Daura? Su Alhaji Sada duk wuta za su, kai ka shiga aljanna da yunwa? Me za mu ci baɗi, Malam?"

"Ba tsoron Allah ne ya yi mini yawa ba, Kande. Na tsaya ne na kasa. Ki bar ni."

Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba, kuma bai ga laifinta ba. Abu ɗaya ya roƙi Yazid, a bari ya girbe. Yazid ya yi alkawari har da dafa ƙirji. Amma giredar aro ce, ana jiranta a wani aikin wajen Baure, sai ga ta ta iso gero ya fid da kai bai ƙosa ba. Wannan karon Ɗantsoho bai tuna da 'ya'yansa ba. Ya yi bisimilla da ƙarfi ya saki ƙarfe, gero na kwantawa gabansa, ɗanyen ƙamshinsa ya cika wurin. Matan unguwa suka fito da buhuna suna kwasar wa awakinsu karan.

Kalilu na tsaye hannu a baya, sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Alhaji Sada ne, ya fito daga masallacinsa da carbi.

"Sai haƙuri, Malam Kalilu. Amma ka yi murna, hanya sadaka ce mai gudana. Duk matar da ta hau motar nan kana da lada. Mu ma da Allah ya ba mu fili irin naka da mun bayar."

Kalilu ya juyo ya dube shi tun daga hula har takalmi. Maganganu suka taru a bakinsa, irin waɗanda in ya fara sai an kai su gaban alƙali. Ya cire hannun daga kafaɗarsa kawai ya ajiye masa, ya tafi.

Gaskiya dai a faɗe ta, bas ɗin sun yi amfani. Mata sun huta da tafiyar ƙafa, masu ciki na isa asibiti a zaune, har Kande da bakinta ta ce motar ba laifi. Burtalin na nan yadda yake, sai dai yawancin masallatan tabarminsu sun koma cikin gida, taliya ta dawo rabin da aka ba Allah, tun da an daina maganar rusau.

Da damina ta zagayo Kalilu ya sami aron wata 'yar gona a wani ƙauye can kudu, wurin wani ɗan'uwan Kande, ƙasa mai tsakuwa wadda mai ita ma ya gaji da ita. Nisa ya fi ƙarfin jaki, dole ya hau bas. Ya zauna a gaba cikin maza, hauyarsa tsakanin gwiwoyi, ya ƙudurta ba zai kalli taga ba. Mota ta bar titi ta shiga lungu, ta hau jar ƙasa, ta rage gudu. Ya ji hayaniyar masu rake da masu faci, ya ji warin mai.

Direban, wani baƙo da aka ɗauko daga Mai'aduwa, ya ɗaga murya. "Gonar Kalilu! Akwai mai sauka?"

Mata biyu daga baya suka ce akwai. Suka sauka da ƙullin kayansu, wasu suka hau. Direba ya waiwayo ya ga tsoho da hauya, ya ɗauka ko bai ji ba.

"Baba mai hauya, nan ne Gonar Kalilu fa. Nan za ka sauka?"

"A'a," in ji Kalilu. "Mu je. Ba ni da abin yi a nan."